Gurbin Mika'ilu a Bangon Gabas

Coober Pedy, 2 ga Oktoba, 1979

Mama Stojanka,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ciwon gwiwa? Hoton Mala'ika Mika'ilu ya iso lafiya, naɗe cikin rigar sanyinki. Da ɗanki Milutin ya buɗe, sai ya sumbace shi, wai ƙura ce ta shigar masa ido.

Mama, shekara biyu da aurenmu, har yau a kan firji hotunan Yesu da Maryamu suke, kusa da rediyo. Yanzu ya yarda zai sassaƙa mini gurbi a bangon gabas na falo. Tunda gidan a cikin dutse aka haƙa shi, aikin yini ɗaya ne. Ki faɗa mini yadda ake jera su, ina so ki tarar da komai daidai ranar Slava, bikin waliyyin gidanmu.

Taki,
Dobrila

Adelaide, 10 ga Oktoba

'Yata Dobrila,

Na gode, gwiwa tana nan tana mulkinta. A kan firji? Shekara biyu? Gara da ban sani ba.

Yesu a dama, Uwarsa a hagu, Mika'ilu a ƙasansu kaɗan. A rataye fitilar addu'a a gabansu, da man zaitun, ba wanda kike suya da shi ba. Ki sa shi ya yi gurbin daidai tsayinki, ba nasa ba, ke za ki riƙa kunnawa. Ina tafe ranar sha tara ga Nuwamba, ko da bas ɗin zai karkaɗe mini sauran haƙora.

Allah ya yi muku albarka.
Mamanku

Coober Pedy, 24 ga Oktoba

Mama,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri, yau ƙara na kawo.

Ranar Asabar ya fara sassaƙa. Bai yi rabin awa ba na ji ihu: "Dobrila, kawo tocila!" Na zata yatsa ya sare. Ashe dutsen ofal mai tsadar nan ya ci karo da shi, kore da shuɗi yana walƙiya. Shekara shida yana haƙa a daji bai samu abin kirki ba, sai a falona!

Mun yi rawa, ban ɓoye miki ba. Amma yanzu gurbin ya zama rami, mutum na shiga har ƙugu. Ƙura a miya, ƙura a gado. Hotunan suna cikin akwati. Na ce, "To ina zan yi addu'a?" Ya ce, "Ai Allah na ji ko daga kicin." Na ce to abincinsa ma ya nema a ramin. Kwana uku ke nan ba ma magana. Idan haka zai ci gaba, ni zan hau bas in taho wurinki.

Dobrila

Adelaide, 31 ga Oktoba

Milutin,

Ina gaishe ka, kai mai ramin falo.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Da muka gudo daga ƙauye lokacin yaƙi, babanka ya ce jaka ɗaya za mu ɗauka. Na cire bargonka na sa hoton nan, kana ɗan wata bakwai. A cikin rigata na ɗumama ka har muka tsallaka iyaka. Shekara huɗu muna sansanin 'yan gudun hijira yana rataye a ƙusa. Saboda haka Mika'ilu ya saba da jira, sati biyu ba za su dame shi ba. Matarka ce ba za ta jira ba, kuma ita ce da gaskiya.

Ka haƙa har sha huɗu ga wata. Ranar nan ka ajiye diga, ko me ka gani. Ramin da ya rage nata ne. Ka share, ka shafe shi da farar ƙasa, ka ba ta haƙuri da bakinka, ba da gyaran murya irin na babanka ba.

Uwarka

Coober Pedy, 15 ga Nuwamba

Mama,

Barka da war haka. Na bi umarni, har da haƙurin. Sai da ta sa na maimaita, wai ba ta ji ba.

Abin da na samu zai kai mu baɗi, mun gode Allah. Ramin kuwa ya zama ɗan ɗaki, mutum huɗu za su tsaya a ciki. Dobrila ta jera hotunan, tun safe take waƙa tana gyara alkamar biki.

Jiya da zan ajiye diga, sai ga wani zare na ofal, tsawon tafin hannu, ya fi duk na baya kyau, daidai saman inda Mika'ilu zai zauna. Na daɗe ina kallonsa. Na bar shi a bangon. Idan ta kunna fitila, sai kin gani da idonki.

Don Allah kada abokan aikina su ji, za su ce na taɓu.

Ɗanki,
Milutin