Inna ta ƙi hawa lori

Gadarif, daren Laraba

Kor, wato rafin damina, ya cika ya shigo unguwa. Kowa ya hau lori zuwa tudu, ban da Inna. Na same ta zaune kan angarib, gadonta na igiya, ruwa har idon sawu.

Shekara talatin ke nan da Baba ya bar mu a bukkar nan ya wuce Makka a ƙasa, ya ce ta jira shi.

Na daka mata tsawa: "Inna, mutumin nan fa ya rasu!"

Ta ce, "Na sani, Habu. Amma mai kawo labarin inda aka binne shi, nan zai neme ni."

Na kai yarana tudu, kafin in koma wurinta, ruwa ya yanke hanya. Har yanzu zuba yake. Ko gafararta ban nema ba.