Ban Sa Hannu a Takardar Korar Makcik Ba

Wangsa Maju, 3 ga Maris

Yaya Mubina,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Umma da yara. Ya ƙafar Baba?

Kin tambayi karatu. A kundin bincikena ina kan babin matan da ke tsaron ƙofar gidajen haya a Faransa lokacin mamayar Jamus. Finafinai da littattafan da na bi kusan duk hoto ɗaya ne: tsohuwa da tsintsiya, tana leƙe ta labule, tana kai wa sojoji sunayen maƙwabta. Waɗanda suka ɓoye mutane kuwa da ƙyar ake tunawa da su. Abin yana ci mini rai.

To ga shi ya biyo ni har gida. Makon jiya jami'an shige da fice na ƙasar nan suka zo duba takardu a benenmu, suka tafi da ɗalibai biyu. Kafin la'asar mutanenmu sun yanke hukunci, wai Makcik Rohani ce ta kai rahoto, dattijuwar da ke kula da ƙofa da shara (Makcik "Inna" ke nan a yaren mutanen nan). Hujja? An gan ta tana hira da jami'an. Shi ke nan fa! Malam Zahraddeen, shugaban ƙungiyarmu ta ɗalibai 'yan gida, ya rubuta wa masu benen takarda a kore ta. Ni dai na ƙi sa hannu.

A gaida kowa.
Ƙanwarki, Khaulah

19 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ga saƙonki, wai in bi jama'a in zauna lafiya. Wallahi ba zan bi ba. Sun daina amsa sallamata, su ƙarata can.

Ki riƙe wannan a cikinki. Ranar da jami'an suka zo, bizar maƙwabciyata Hafsa ta ƙare, sabuwa ba ta fito ba. Makcik ta tura ta ɗakin ajiye tsintsiya ita da jaririyarta, ta kulle, ta tsaya a bakin ƙofar tana jan jami'an da surutu har suka wuce. Hirar da aka gani ke nan. Ni na miƙa mata jaririyar da hannuna.

In na faɗa, Makcik kotu za ta, Hafsa kuma a kora ta gida. Ita ma Makcik ta roƙe ni in yi shiru. Yanzu na gane dalilin da matan can na Faransa da suka ɓoye mutane ba su shiga fim ba.

Jiya na ga takardar. Sunan Hafsa ne na huɗu a masu sa hannu. Na san tsoro ne, amma na yi kuka.

An kori Makcik, gobe za ta miƙa makullai. Zan ɗauki jakarta a kaina, in raka ta har tashar jirgin ƙasa da rana tsaka, duk mai ido ya kalla.

Ki yi mana addu'a.
Taki, Khaulah