Ladan Kanari

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ƙafar nan taki, yaya maigida da yara? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Wata tambaya ce ta hana ni sakat. Ran Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan ranar da mu masu bi za mu tsaya gaban kursiyin Almasihu. Ya ce ceto kyauta ne, wannan an gama, amma aikin kowa sai an gwada shi da wuta: na gaskiya ya tsira a ba da lada, na ganin ido ya ƙone kamar ciyawa. To, Yaya, ta yaya ake saka waƙa a wuta? Kin san tun ina budurwa nake layin gaba cikin mawaƙan coci, makirufona daban, ba mai taɓa min. Yabon kai jahilci, amma har na fara tunanin irin kambin da zai shiga babban kan nan nawa. Da na faɗa wa Baban yara, sai ya ƙware da shayi. Ruwa ba ya tsami banza, ko me ya gani?

Ki gaida kowa da kowa.
Taki, Kanari

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni kam jiki lafiya, zuciya ce babu daɗi.

An kawo sabon mai kula da lasifika. Yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar wayar makirufona ba ta zuwa ko'ina, an cusa bakinta ƙarƙashin darduma, har ta yi tsatsa. Bawan Allah ya jona ta, shi a ganinsa gyara ya yi. Muna fara waƙar buɗe sujada na ji wata murya kamar ana jan tebur a kan siminti. Na waiga ina neman mai ita, ashe ni ce. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Wato duk shekarun nan ba wanda ya ji ni sai na kusa da ni, kuma kowa ya sani. Na ce na bar waƙa ke nan. Amma tambayoyi sun ƙi barina. Waƙar da ba ta kai kunnen jama'a ba tana da lada? Kuma wa nake yi wa, Ubangiji ko makirufo? Na duba zuciyata, gaskiya na tarar da su biyun a cakuɗe. Kila abin da wutar za ta raba ke nan.

Sannan sunan nan Kanari da kika raɗa min, yabo ne ko tsiya?

Ƙanwarki

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan ƙafar ce ta hana ki ba ni amsa, ko da yake ba da ƙafa ake rubutu ba.

Na je na tsare tsohon shugaban mawaƙa a gidansa, ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗa min komai. Ya ce shekarar da Mama ta rasu sun yanke shawarar sallamata. Ke kika roƙe su, kika ce waƙar nan ce kaɗai ke fito da ni daga ɗaki. Ke kika zare wayar da hannunki, kika kuma zaɓi tsayawa a hannun damana har ranar da aure ya ɗauke ki, kina shan abin da sauran jama'a suka tsira daga gare shi.

Na yi fushi, na yi kuka, sai kuma dariya ta kama ni a tsakar gidan mutane.

Jiya na koma layin gaba. Kafin a fara na sunkuya na zare wayar da kaina, na mayar da ita ƙarƙashin dardumarta. Na rera da dukan ƙarfina, karo na farko ba tare da ina leƙen fuskokin mutane ba. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Saura tambaya ɗaya, ita kam ko Fasto ya ce bai sani ba. In wani abu ya tsira daga wutar nan, wa za a miƙa wa, mai rerawa ko mai haƙurin saurare? Ni dai na san abin da zan roƙa. Ranar nan ki nemo ni cikin taro, ki tsaya a hannun damana inda kika saba. In an kira sunana, ke zan tura gaba.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke.
Kanarinki har abada