Ni Na Ba Da Sunan Makarantar

Daren Talata, unguwar Al-Nasim

Ƙarfe bakwai, na kai Madam, wadda nake wa direba, ofishin gidauniyarsu.

A mota ta yi min barka da Larabci, "Mabruk, Sani, mun ɗauki makarantar garinku." Ni na ba ta sunan bara, don yara su samu kwamfutar hannu. Sai ta ƙara da cewa za a yi wa malamai jarrabawa a kwamfuta, wanda ya faɗi a sallame shi. Yaya Habu shekara ashirin yana koyarwa a can, ko saƙon waya 'yarsa ke rubuta masa. Na ce "Shukran," na ci gaba da tuƙi. Me ya hana ni magana? Na kwanta, na tashi, na sake kwanciya.

Gobe:
- Juyen baƙin man mota.
- Tuna wa kafili, maigidan da ya tsaya min a ƙasar nan, maganar iƙama, takardar izinin zamana.
- Kiran Yaya Habu, kafin ya ji a bakin wani.