Layina Zai Bi Ni Beljiyam

Litinin, 2 ga Oktoba

'Yata Ilham ta aiko da tikiti. Wata uku zan yi a wurinta a Liyej, can Beljiyam, har ta haihu ta yi arba'in. Ɗana Driss ya ce in bar layina a nan Fas, can za a saya mini wani mai data. Na ce masa a'a. Shekara ashirin da shida ina wankan gawar mata a unguwar nan, kuma wannan lambar kowa ya sani. Wanda aka yi wa rasuwa ba ya tsayawa neman sabuwar lamba.

"Mama, ko sun kira ki, tashi sama za ki yi ki zo?"

Ban kula shi ba.

Laraba, 4 ga Oktoba

Shagon waya. Yarinyar da ke wurin ta jera mini tsari uku na ƙasar waje. Biyu duk data ne, ta ce yanzu kowa da shi yake kira. Na ce tsofaffina ba su san wannan ba, lamba suke dannawa su kara a kunne. Ina son wanda idan an kira ni daga gida zai shigo, ko ina ƙarƙashin ƙasa.

"Hajiya, wannan fa ko ke aka kira sai an cire miki kuɗi."

Na ce a cire. Driss sai hura hanci yake yi a bayana. Ya hura, ba shi ya haife ni ba.

Asabar, 7 ga Oktoba

Na je sallama da ƙawata Lalla Zuhur. Ta rame sosai. Da surukanta suka fita ta kama hannuna ta ce, "Rakiya, alkawarinmu."

A nan kawai zan rubuta. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce an cire mata nono ɗaya a Rabat, ni na yi jinyarta. Matan 'ya'yanta ba su sani ba har yau, da auduga take cika wurin. Ta sa na rantse ba mai ganin jikinta sai ni. Na ce mata ta jira ni, wata uku ba shekara ba ne. Ta yi dariya ta ce in gaya wa Mala'ika.

Idan ba na nan Bushra za a kira. Shekara huɗu tana zuba mini ruwa in ina wankan gawa, hannunta ba laifi, amma bakinta! A gidan wanka, kafin ta cuɗa ƙafa ɗaya ta gama da auren mutum uku da gulma.

Talata, 10 ga Oktoba

Na iso. Sanyi. Layi ya kama tun a filin jirgi, na nuna wa Ilham, ta ce to Mama, an ci nasara.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Kira biyu cikin kwana tara: mai gyaran famfo, da wata da ta yi kuskuren lamba. Mijin Ilham ya ce in riƙa kashe wayar in zan kwanta rana. Burodinsu ma kamar soso.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Ƙarfe tara na safe, ina yanka albasa. Waya ta yi ƙara, Bushra ce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zuhur ta tafi bayan asuba, za a kai ta bayan azahar.

Na ce a jira ni. Ilham ta duba, babu jirgi sai Talata. Wa zai ajiye gawa har Talata saboda ni? Na zagi Driss, na zagi tikitin, na zagi kaina.

Sai na ce wa Bushra ta fitar da kowa daga ɗakin, har surukan, ruwan ma ita za ta zuba da kanta. Ta ajiye wayar a kan taga ta buɗe murya. Na shiga banɗakin Ilham na kulle. Ina faɗa tana yi: alwala, dama kafin hagu, magarya, kafur a na ƙarshe, gashi kitso uku. Ina jin zubar ruwa. Da ta zo wajen ƙirji sai ruwan ya tsaya. Na riƙe numfashi. Can na ji ta ce bismillah, ruwa ya ci gaba.

Minti hamsin. Kafin a naɗe likkafani katin ya ƙare, layi ya yanke. Na zauna a bakin baho na yi kuka kamar yarinya. Na karya alkawari, Zuhur, ki yafe mini.

Litinin, 30 ga Oktoba

Ban ci komai ba. Jira nake in ji labarin ya zaga unguwa.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Na kira babbar surukar Zuhur na yi gaisuwa, na ja ta da hira da gangan. Ba ta san komai ba. Maƙwabciyata ma haka, ita da ba abin da ke wuce ta.

Na kira Bushra. Na ce, ke, me kika gani ranar nan?

"Me zan gani, Hajiya? Na ga baiwar Allah, na wanke ta."

Na sake tambaya ta wata hanya. Ta ce miyarta na kan wuta.

Har yanzu tana cika kafur a wanka, tun daga nan na san ta cika. Na gaya mata. Na kuma ce mata ni ba na son ruwa mai zafi sosai, kuma gwiwata ta hagu ba ta miƙewa, kada ta matsa mata in lokacina ya zo. Ta ce to, Hajiya.