Furar Guci a Bakin Ɗanki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Tasalla,

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ɗanki Ilu ne, mai tsirfa a kan fura, wanda ke da kanki kika ɓata shi.

Shekara huɗu ke nan da kwamandan Turawa ya sa aka kwashe mu aikin tilas na hanyar Magarya. Na dawo Sassumbrum na tarar da turminki a kife, an riga an yi sadakar arba'in.

Furarki ta gero ce zalla, mai laushi, zaƙinta na bin maƙogwaro a hankali, yaji kuwa kamar ana yi masa rowa. Kina yawan cewa, "Wadda ta iya daka ba ta cika yaji."

Bayanki na auri Habi, 'yar garin Guci. Su da maiwa suke yin tasu. Tun zuwanta na hana, na ce irin ta Inna nake so. Shekara uku tana kwaikwayon matar da ba ta taɓa gani ba, ni ko ina kurɓa ina girgiza kai.

Jiya ta gaji. Ta dama irin ta gidansu, ta dire ƙwarya a gabana.

Na ɗauki ludayi da niyyar kushewa. Ƙamshin kanumfari ya fara tarbata. Ba ta kai taki zaƙi ba, tana da ɗan kaushi a harshe, citta da masoro kuma sai an haɗiye suke tasowa, su daɗe suna ɗumama ƙirji. Wallahi na nemi aibi, Inna. Ina cikin nema na kai gindin ƙwarya.

Sai na lalubi ɗanɗanon taki don in gwada su, ban same shi ba. Ina ganin hannunki, ina jin taɓaryarki, amma harshena ya manta. Ashe na daɗe ina auna yarinyar nan da mudun da ya ɓace mini. Kewarki ce ke cina, na ɗora wa baiwar Allah.

Ban ce mata komai ba tukuna, sai na fara faɗa miki. Gobe zan ba ta haƙuri, in ce ta ci gaba da ta Guci. Ki yafe mini, na daina neman taki a hannun kowa.

Allah ya haskaka makwancinki, ya shayar da ke abin da ya fi wanda kika shayar da ni.

Ɗanki mai kewarki,
Ilu