Sandar Awon Kawu Mashud

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Ƙarfe 4:20 na yamma, kan bencin shagon Kawu Mashud a unguwar Maamobi. Wuta ta dawo minti goma da suka wuce.

Wasiu ya tafi yanzu, ya bar mana motarsa da baƙar magana. Yayansa ne ya aiko masa da wufa daga Jamus, wato sifikar nan mai fitar da kaurin sauti, inci goma sha biyu. Kawu ya sa masa ita ranar Asabar. Yau ya dawo yana cewa sautinta kamar mai tari cikin bargo, wai tasin maƙwabcinsa mai wufar arha ta fi ta tashi nesa ba kusa ba. A gaban direbobi huɗu ya ce ko dai Kawu ya lalata ta ko ya musanya. Ranar Lahadi motarsa ce za ta ja gaba a bikin ƙanwarsa Sahadatu. In ba ta gyaru ba zuwa Juma'a zai kai labarin tashar Tudu, kuma rabin masu zuwa shagon nan daga can suke.

Wata biyu ke nan da na gama karatun lantarki. Takardun neman aiki sha ɗaya, amsa babu. A shagon, aikina miƙa sukudireba. Na ce wa Kawu ya ba ni motar. Ya daɗe yana kallona.

"Rafi'atu, zuwa Juma'a. In kin kasa ki koma wajen takardunki, kar in ƙara jin lissafi a shagona."

Na ce to.

Talata, 15 ga Oktoba

Na ɗora wufar Wasiu da irin ta arhar da muke sa wa tasi a kan sikelin da Mma, mahaifiyata, ke auna shinkafa. Ta arha kilo 3.1. Ta Wasiu kilo 10.8, kusan duka nauyin maganaɗisu ne. Bakin ta arha soso, fuskarta takarda da yatsa ke lotsawa. Bakin ta Wasiu roba ce mai kauri. Ba a musanya komai ba, lambar jikinta ta yi daidai da ta kwalin. Sau uku na duba.

Wasiu ya leƙo da rana, idonsa ya faɗa kan kwalayen. Na arha an rubuta ƙarfinta wat 2000 da jan rubutu, nasa wat 500. Nan take ya koma kan yayansa, wai ya raina shi. Na ce masa dubu biyun nan abin da za ta iya ɗauka ne na ƙiftawar ido, ɗari biyar kuwa abin da za ta yini tana ɗauka. Kamar wanda ya ɗaga buhu sau ɗaya ya yar, da mai dakon da ya kai shi daga Tudu har kasuwar Makola.

"Cale, ƙawata, ni ba boko na zo ji ba. Bum nake so."

Laraba, 16 ga Oktoba

Waya lafiya. Amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi lafiya. Batir bolt 12.6, lafiya. Wufar lafiya. To mene ne? Koko na safe yana nan a kofi, ya yi sanyi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na gano. Alhamdu lillahi. Bari in rubuta a tsare kar in manta.

Da safe Kawu ya aike ni wurin Malam Mutawakil kafinta, mai yi mana akwatunan da ake sa wufa a ciki. Na tarar yana yanka katako ba tef ɗin awo a hannunsa, sai wata tsohuwar sanda mai tsaga biyu. Na tambaya. Ya ce sandar Kawu ce, shekara ashirin da ita ake auna kowane akwati na shagon. Kawu ya yanke ta ne daidai da gurbin da ke rage a but ɗin tasi, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota, gefen tukunyar gas ɗin da tasi ke sha. Duk akwatin da aka yi da ita yana shiga ba gardama, but ya rufu. Abin da ya ɗaga sunan Kawu ke nan wajen direbobi.

Motar Wasiu ba tasi ba ce. Fetur take sha, ba tukunya a but ɗinta. Fili ne fetal.

Da gudu na dawo, na auna cikin akwatin: lita 17.5. Takardar da ke cikin kwalin, wadda ba wanda ya buɗe, ta ce lita 35. Namu rabi ne. Bayan maganaɗisun ma saura ƙiris ya taɓa katako, ya toshe ramin shan iskarta. Ta arha ba ta motsi sosai, ko'ina aka cusa ta za ta yi ihunta. Ta Wasiu kuwa tafiya take yi gaba da baya, sai da iska a bayanta. Mun shaƙe ta ne.

Faɗa wa Kawu ya fi lissafin wuya. Na yi ta kewaye-kewaye. Ya ce sandar nan ta ciyar da gidanmu tun kafin in iya tafiya, har kuɗin makarantata daga jikinta ya fito. Na ce na sani, kuma ba ta yi kuskure ba, an dai auna motar da ba tata ba. Ya je ya buɗe but ɗin Wasiu, ya tsaya yana kallon inda tukunya ya kamata ta kasance.

Malam Mutawakil ya yarda zai yi sabo yau, ciki santimita 45 da 33 da 25, lita 35 in an cire wurin da wufar za ta ci. Ya ce rabonsa da riƙe tef har ya manta inda ya ajiye shi.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ƙarfe 2:40, bayan an sauko daga masallaci. Mutum tara a ƙofar shago, ban gayyaci ko ɗaya ba.

Na ce a yi adalci: mota ɗaya, kiɗa ɗaya, ƙarfi ɗaya, minti ashirin kowace. Ta arha muka fara sawa, cikin akwatin sanda. Gaskiya a minti biyar na farko ta cika layin da ƙara, direbobi na gyaɗa kai. Amma duk gangunan sun zama abu ɗaya, bum, bum. A minti na sha huɗu ta fara karkarwa, ƙaurin ƙonewa ya taso. Wani ya ce a kashe kafin mu ci hayaƙi.

Sai ta Wasiu a sabon akwati. Ba ta yi ihu ba. Amma babbar ganga daban, ƙarama daban, ana jin inda hannu ya sauka da inda ya tashi. A ƙirji nake jin ta. Minti ashirin suka cika, na taɓa ta, ɗumi kawai.

Kunnen Kawu na hagu ya daɗe da mutuwa, kowa ya sani, ba a dai faɗa. Ya zo ya ɗora tafinsa a kan rufin motar, ya rufe ido. Ya fi minti ɗaya a haka.

"Tana numfashi," in ji shi.

Wasiu ya zagaya motar sau biyu yana dariya. Ya durƙusa ya ba Kawu haƙuri a gaban mutanen nan, ya ce bakinsa ne ya riga hankalinsa. Ni kuma ya ce daga yau Injiniya zai riƙa kirana, ko ina so ko ba na so. Ina so.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Daga tsakar gidanmu na ji shigowar motocin bikin Sahadatu ta babban titin Nima. Na gane tawa tun ban gan ta ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Motoci uku yau, biyu tasi. Kawu ya karɓo sandar daga wajen kafinta, ya rataye ta a ƙusa ɗaya da tef. Ya ce tasi na sanda ne, sauran nawa. Ban yi gardama ba. Direban tasi mai kiɗa a hankali, ta arha ta ishe shi, kuma akwatin sanda ne kaɗai zai shiga but ɗinsa.

Abubuwan da ban sani ba har yanzu:

Ko ta arha za ta fi haka kyau in aka ba ta akwatin da ya dace da ita. Ban gwada ba.

Ko batirin Wasiu zai jure. Na ce ya dawo bayan wata ɗaya.

Akwati nawa muka shaƙe cikin shekara ashirin. Ba zan tambaya ba.

Abin da Kawu ke ji a tafinsa. Yau na ɗora nawa a rufin mota ta uku kafin in ɗauko mitar awo. Don in huta ne kawai.

Ko an amsa ɗaya daga cikin takardun nan sha ɗaya. Tun Alhamis ban duba ba.